Hoton Yana Waya, Ba Ya Kwamfuta: Me Ke Faruwa a Tagar Zaɓen Fayil?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta a Tudun Wada, kusa da Jami'ar Jihar Gombe, a lokacin rajistar ɗalibai, ya san irin wannan ja-in-ja. Wata Hajiya ta zo da laftof ɗin 'yarta, tana so a ɗora hoton takardar haihuwa a shafin makaranta. Yaron shago ya danna wurin ɗora hoto, taga ta buɗe, ya duba sama ya duba ƙasa.

"Hajiya, ba ya ciki."

Ta zaro waya daga jaka ta miƙa masa. "Ɗan nan, ga shi ina kallo da idona. Ba an ce an haɗa wayar da kwamfutar ba?"

Dukansu gaskiya suka faɗa. Hoton yana nan, kuma tagar ba ta ganinsa. Abin da ya sa haka yana da tushe fiye da ɗaya, kuma maganin wani tushen yana iya zama ɓarna idan aka kai shi ga wani.

## Abubuwa uku da ake ɗauka abu ɗaya ne

Na farko shi ne tagar zaɓen fayil. Ita ce ƙaramar tagar nan da ke fitowa idan mutum ya danna wurin ɗora hoto a shafin intanet, ko wurin liƙa takarda a imel. Ba shafin ne ya mallake ta ba. Ta Windows ce ko ta macOS, shafin aronta yake yi. Aikinta ta nuna fayilolin da ke cikin foldojin kwamfutar, ta miƙa wanda aka zaɓa.

Na biyu shi ne ma'ajiyar intanet, wadda ake kira gajimare: Google Photos, iCloud, OneDrive da makamantansu. Sunan yana ruɗar mutane, amma kwamfutocin kamfani ne a manyan gine-gine a wata ƙasa, inda ake ajiye kwafin hotunan.

Na uku shi ne kundin hotuna, wato abin da manhajar hotuna ke nunawa a waya. Nan ruɗanin yake. Kundi ba folda ba ne. Lissafi ne da manhajar ke riƙe da shi: wannan hoto an ɗauke shi ranar kaza, a wuri kaza, ga ɗan ƙaramin kwafinsa. Manhajar tana haɗa abin da ke cikin wayar da abin da ke gajimare ta jera su wuri ɗaya, ba tare da ta bambanta su a fili ba.

Wanda ya san Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, zai gane wannan da sauri. Dillali yana yawo da samfurin masara da wake a hannu, mai saye ya gani ya yi ciniki, amma buhunan suna sito. Manhajar hotuna samfuri take nunawa, idan aka taɓa hoto sai ta aika a ɗauko buhun. Tagar zaɓen fayil kuwa mai awo ce, abin da aka sauke a gabanta take sani, ko aƙalla abin da aka rubuta mata cewa yana hanya.

## Fayil mai suna, babu nauyi

A Windows, hanyar da aka fi cin karo da ita ita ce ta OneDrive. Tun a 2017 Microsoft ya shigo da tsarin Files On-Demand a Windows 10. Ma'anarsa: kwamfuta za ta nuna sunan fayil, girmansa da ɗan hotonsa, amma ainihin abin da ke cikinsa yana gajimare har sai an buɗe shi. Ana iya tabbatar da haka da ido. Idan aka duba bayanan irin wannan fayil, za a ga girmansa megabait 3 ko 4, amma wurin da ya ci a kan kwamfutar sifili ne.

Alamomi uku ke faɗin halin da fayil yake ciki. Shuɗin gajimare na nufin yana intanet kawai. Koren maki a cikin farar da'ira na nufin an sauke shi, amma kwamfutar tana iya mayar da shi gajimare idan wuri ya yi ƙaranci. Da'ira kore cike da farin maki a tsakiya na nufin an ba da umarnin a bar shi a kwamfutar kullum. Manhajar iCloud ta Windows ita ma irin wannan dabarar take bi a foldar hotunanta.

Idan akwai intanet mai ƙarfi, mutum ba zai ma lura ba: ya zaɓi hoto, a sauke shi cikin daƙiƙu, a miƙa. Idan sabis ya yi rauni ko data ta ƙare, tagar za ta tsaya tana juyi, ko ta fitar da saƙon kuskure, ko ta nuna farin akwati maimakon hoto. Akwai kuma wani saiti a OneDrive inda ake zaɓen foldojin da za su bayyana a kwamfutar. Foldar da aka cire wa maki a can ba za ta fito ba ko da sunanta, alhali tana nan lafiya a shafin OneDrive.

## Google Photos: ƙofar da aka rufe a 2019

Yawancin wayoyin da ke hannun mutane a Gombe da Bauchi na Android ne, Tecno, Infinix, Itel, Samsung, don haka Google Photos ne ma'ajiyar da ta fi shafar jama'a. A nan amsar ta fi sauƙi, ta kuma fi ba mutane mamaki: Google Photos ba shi da folda a kwamfuta ko kaɗan.

A da akwai. Ana iya sa hotunan su riƙa fitowa a wata folda cikin Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google, Drive kuma ya sauko da su kwamfuta. A watan Yulin 2019 Google ya raba su, yana mai cewa haɗin yana ruɗar mutane, musamman waɗanda ke goge hoto a ɗaya ba su san zai ɓace a ɗayan ba. Tun daga lokacin, sabon hoton da ya hau Google Photos ba ya shiga Drive da kansa. Wanda ya daɗe da asusunsa zai iya ganin tsohuwar foldar har yanzu, cike da hotuna, amma ta tsaya cik a 2019. Wannan ne ke sa wasu su ce kwamfuta tana nuna tsofaffin hotuna, sababbin sun ɓace. Ba su ɓace ba, ba a ƙara aiko su ta wannan hanyar ba ne.

Manhajar Drive ta kwamfuta, wadda ta maye gurbin Backup and Sync a 2021, ta zo da damar tura hotuna daga kwamfuta zuwa Google Photos, amma ba ta zo da damar sauko da su ba. Hanyar ta zama mai tafiya ɗaya. Sannan daga ƙarshen watan Maris na 2025, Google ya taƙaita wa manhajojin wasu kamfanoni damar karanta kundin mutum gaba ɗaya: sai hotunan da su suka ɗora, ko waɗanda mai asusun ya zaɓa musu da hannunsa. Manhajojin da a da ake amfani da su wajen kwafo kundi duka zuwa kwamfuta sun rasa wannan aikin.

Saboda haka, mai hoto a Google Photos da ke son ganinsa a tagar zaɓen fayil, sai ya buɗe shafin a burauza, ya sauke hoton, sannan ya neme shi a foldar da saukakkun fayiloli ke shiga. Mai son kundin duka kuwa sai ya bi ta Google Takeout, wanda ke tattara komai a manyan ƙunshi.

## Apple: ɗaki mai kulle

Masu iPhone da Mac ba su kai yawan na Android ba a nan, amma akwai su, musamman cikin masu ɗaukar hoton biki da masu aikin zane. A Mac, manhajar Photos, wadda ta maye gurbin iPhoto a 2015, tana ajiye komai a cikin ƙunshi guda da ke kama da fayil ɗaya. Tagar zaɓen fayil ba ta shiga cikinsa kamar yadda take shiga folda. Ko mutum ya kutsa da kansa, zai tarar an canza sunayen hotunan zuwa dogayen lambobi da haruffa marasa ma'ana ga ɗan Adam.

Abin da Apple ya tanada shi ne wani sashe na hotuna a gefen tagar, wanda ke tambayar kundin ya nuna abin da ke cikinsa. Wannan sashen kundi ɗaya tak yake kallo, wanda aka naɗa a matsayin babban kundin kwamfutar. Mai ɗaukar hoto da ke da kundi na biyu a faifan waje ba zai gan shi a nan ba. Hotunan da aka ɓoye ba sa fitowa. Idan kuma kwamfutar ba ta gama karɓo sababbin hotuna daga iCloud ba, abin da ya iso kawai za a gani.

Akwai zaɓi biyu a saitin iCloud: a sauke asalin kowane hoto a kwamfutar, ko a yi tsimin wuri. Na biyun yana barin ƙananan kwafi, asalin yana gajimare. Dabarar samfuri da sito ce dai, da irin matsalarta idan babu intanet.

## Wani lokacin tagar ce ke tacewa

Akwai yanayin da hoton yana kwamfutar, cikakke, a foldar da ake dubawa, amma bai fito ba. Dalili: shafin da ya ari tagar ya gaya mata irin fayilolin da yake karɓa. Shafukan rajista da yawa JPG ko PNG kawai suke so. Windows sai ya ɓoye duk wani nau'in daban, Mac kuma ya dusashe shi yadda ba za a iya danna shi ba.

Tun daga iOS 11 a 2017, iPhone yana ajiye hotuna da nau'in HEIC, wanda ya fi JPG tsimin wuri. Mutum ya kwafo hotuna ɗari daga iPhone, ya buɗe tagar, ya ga goma sha biyu kawai: waɗanda aka turo masa ta WhatsApp da hotunan allon waya, domin su ba HEIC ba ne. A ƙasan tagar Windows akwai ɗan wurin da ake sauya tacewar zuwa dukkan fayiloli. Hotunan za su bayyana, amma shafin zai iya ƙin karɓarsu, sai an juya su zuwa JPG.

Jeri ma yana ɓoye abu. Waya tana jera hotuna bisa ranar da aka ɗauke su. Tagar kwamfuta tana iya jera su bisa suna, ko bisa ranar da fayil ɗin ya shigo. Hoton ɗaurin aure na shekaru uku da suka wuce da aka sauke jiya zai hau sama, na makon jiya ya nutse a tsakiya. Hotunan WhatsApp sun fi wahalar nema, domin manhajar tana cire bayanan da kyamara ta rubuta a cikin hoto, ta kuma ba shi sabon suna mai ranar da ya iso.

## Hoton da bai taɓa hawa ba

Duk abubuwan da aka ambata zuwa yanzu ɓatan kai ne, hoton yana nan a wani wuri. Wannan sashen ne mai haɗari, domin a nan kwafi ɗaya tak ake da shi, kuma mai shi yana zaton biyu ne.

Google yana ba da gigabait 15 kyauta, kuma Gmail, Drive da Photos ne ke raba su. Kafin 1 ga Yunin 2021, hotunan da aka rage wa nauyi ba sa cin komai daga wannan kason. Daga ranar suka fara ci. Apple da Microsoft gigabait 5 suke bayarwa kyauta. A yi lissafi: idan kowane hoto megabait 3 ne, hotuna 4,000 sun kai gigabait 12, ba a sa bidiyon walima ko na suna ba. Da zarar ma'ajiya ta cika, sababbin hotuna sun daina hawa. Wayar tana ci gaba da nuna su, domin suna cikinta. Kwamfutar ba za ta taɓa ganinsu ba.

Sai batun data da wuta. Google Photos yana jiran Wi-Fi kafin ya ɗora hotuna, sai dai idan an ba shi izinin amfani da datar waya. Wanda ba shi da Wi-Fi a gida, kuma bai taɓa wannan saitin ba, zai iya shafe watanni ba a ɗora masa komai ba. iPhone yana dakatar da aikin idan aka kunna tsimin batir ko tsimin data. OneDrive yana dakatawa idan ya ga layin intanet ɗin na awo ne, kamar yadda hotsifot na waya yakan kasance, ko idan laftof ta shiga tsimin batir. A garin da ake kunna laftof na awa ɗaya a kan hotsifot, a kashe don kada caji ya ƙare kafin a kawo wuta, aikin daidaitawa, wato sa abin da ke na'ura ya zama daidai da na gajimare, yana iya zama bai taɓa kammaluwa ba ko sau ɗaya.

Haka kuma foldar kyamara ce Google Photos ke ɗorawa da kansa. Foldar WhatsApp, inda takardu da hotunan dangi da yawa suke, sai an kunna mata nata.

Akwai kuma wani dalili da ya zama ruwan dare a nan. Mutum ya sayi waya, mai shago ya buɗe masa Gmail nan take don wayar ta fara aiki. Daga baya ya buɗe wani don neman aiki ko rajistar jarrabawa, shi ne kuma yake shiga da shi a kwamfuta. Hotuna suna hawa asusun farko, ana nemansu a na biyu. Sau da yawa ma ba a san kalmar sirrin na farkon ba.

## Wa ke da hujja?

Kamfanonin suna da dalilin da ba a iya watsarwa. Laftof da yawa na zuwa da ma'ajiya mai gigabait 128 ko 256. Idan aka ce dole kowane hoto ya sauka a kowace na'ura, kwamfutar za ta cika, mai ita kuma zai ƙona data wajen sauke abin da ba zai taɓa buɗewa ba. A wannan fuskar, tsarin samfuri yana taimakon mai ƙaramin ƙarfi. Suna kuma kafa hujja da sirri: kada kowace manhaja ta iya leƙa hotunan mutum duka. Wannan tunanin ne ya sa iPhone, tun daga iOS 14 a 2020, ke barin mutum ya ba manhaja wasu hotuna kawai, Android ma ya bi sahu daga baya. Wanda ya ji labarin manhajojin bashi da ke kwashe bayanan waya su tozarta mai bashi, ya san wannan kariyar ba wasa ba ce.

Masu suka kuwa suna cewa an gina tsarin ne a kan zaton cewa intanet yana nan kullum, yana da sauri, yana da araha. A Najeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a watan Janairun 2025. Sauke kundi mai gigabait 12 kuɗi ne da mutum zai yi tunani kafin ya kashe. Suna ƙarawa da cewa ɗora hoto ana yi wa mutum shi cikin sauƙi, saukewa kuma sai ya sha wahala, kuma kamfanin da ke sayar da ƙarin wurin ajiya ba ya asara idan abin ya kasance haka.

Idan aka auna, hujjar tsimin wuri da ta sirri suna da ƙarfi. Inda kamfanonin suka gaza shi ne wajen bayani. Tagar ba ta cewa "akwai wasu hotuna 900 da ban nuna ba, ga dalili". Shiru take yi, mutum kuma ya ɗauki abin da ya gani a matsayin duk abin da ke akwai. Masu gina shafukan rajista su ma suna da nasu kason, idan suka taƙaita nau'in hoto ba tare da sun rubuta hakan kusa da wurin ɗorawa ba.

## Inda asarar take aukuwa

Ɗalibi yana iya rasa ranar rufe rajista, ko ya biya kuɗin sake ɗaukar fasfo. Wannan ƙaramar asara ce. Babbar tana zuwa ne daga gyaran da ake yi cikin rashin sani.

Daidaitawa ba ajiyar kariya ba ce. A iCloud da OneDrive, hoton da aka goge a na'ura ɗaya yana gogewa a sauran. Wani ya ga fayiloli masu alamar gajimare ba sa buɗewa, ya ɗauka sun lalace, ya share su, ya share asalin ke nan. Akwai wa'adin ceto: kwana 30 a kwandon shara na iCloud da na OneDrive na asusun kai, kwana 60 a Google Photos ga hoton da ya riga ya hau. Bayan haka babu dawowa.

Sai mai ɗaukar hoton biki a Bolari ko Pantami da ke kwafa wa amarya hotuna a filash. Idan rabin foldar yana gajimare kuma babu intanet, kwafin zai riƙa tsayawa da saƙon kuskure. Ya danna a tsallake, aiki ya ƙare, ya miƙa filash. Sai an je gida a tarar hotunan kamu babu. Haka wanda zai sayar da tsohuwar waya ko ya kai ta a yi mata filashin, bisa zaton komai yana Google, alhali ma'ajiyar ta cika tun bara.

Tsarin binciken da ya fi aminci yana farawa ne daga burauza, ba daga tagar ba. A shiga shafin ma'ajiyar, a tabbatar adireshin imel ɗin da ke can shi ne wanda ke kan wayar, a nemi hoton. Idan yana can, matsalar ta saukewa ce ko ta tacewa, kuma babu abin da ya ɓace: a sauke shi, ko a ba foldar umarnin zama a kwamfutar kullum, a jira alamar ta koma kore. Idan ba ya can, to a wayar kaɗai yake, kuma kada a goge komai ko a taɓa maɓallin samar da wuri, mai goge hotuna daga wayar, kafin a kwafe shi ta kebul.

Ita Hajiyar Tudun Wada, wannan na biyun ne ya same ta. Takardar ta zo mata ta WhatsApp, foldar WhatsApp kuwa ba a taɓa kunna mata ɗorawa ba. Yaron shagon ya jona wayar da kebul, ya zaɓi tura fayil a allon wayar, ya shiga foldar hotunan WhatsApp, ya kwafo hoton zuwa kan tebur ɗin kwamfutar. Da ya sake buɗe tagar, yana nan a layin farko.